Ƙaramar Buta

Litinin, 6 ga Janairu, da hantsi

Dunƙule-dunƙulen sukari sun cika ƙarƙashin matakala. Duk wadda ta zo yi mini jaje sai ta shigo rungume da nata, mai tsinin kai, a naɗe cikin shuɗiyar takarda, ta ajiye, ta sumbace ni a kumatu, ta ce Allah ya mayar da alheri. Haka ake yi a garinmu Safru, ni ma haka nake yi in na je gidan wasu. Amma yau da na sauko na gan su a jere, dariya ta kusa kuɓuce mini. Mace mai ciwon suga tun tana shekara bakwai, an zo rarrashinta da tulin sukari. Ba laifinsu ba ne. Duk unguwar nan ba wanda ya sani sai Mmi, mahaifiyata, da mijina Milud.

Mmi ta tare a gidanmu tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti, bayan na haihu jaririn bai zo da rai ba. Ita ke karɓar baƙi, ita ke fasa sukari da 'yar gudumarta ta jefa a buta, ita ke zuba shayi daga sama har ya yi kumfa. Kofina yana zuwa tare da na kowa, ina kuma shanyewa tare da kowa.

Ban shiga ɗakin ƙarshe ba, wanda muka shirya wa jaririn. Milud ya ja ƙofar, bai kulle ba.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan la'asar

Butaina ta zo. Gidanta yana kallon namu, shekara da shekaru tare muke zama a saman soro muna ƙulla maɓallan siliki na jallabiya, kuma bara tare muka fara lissafin watanni. Ta sa jallabiyar mijinta mai faɗi don kada na ga cikin, ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta.

Na ce, "Shigo mana, ko ƙofar kika zo gaisarwa?"

Ta shigo, ta zauna a karkace, ta yi ta ba ni labarin tsadar zare. Ina sonta. Na ƙosa ta tafi.

Alhamis, 9 ga Janairu, da yamma

Milud ya kai ni birnin Fas a tasinsa, wurin likitar da asibiti suka tura ni. Sunanta Sakina, 'yar ƙaramar mace ce, ba ta iya shafa wa magana zuma ba. Ta duba gwajin jinin nan da ke nuna yadda sugan mutum ya zauna cikin wata uku, ta ce nawa ya haura tara. Ta ce in muna so mu sake neman haihuwa, sai ya sauko ƙasa da bakwai, kuma ya zauna a can.

Ta ce, "Shekarunki talatin da bakwai, Lalla Gizlan. Ban ce ki yi gudu ba, amma kada ki zauna."

Ta tambaye ni yaushe nake yin allurar abinci. Na ce bayan na ci. Ta ce a ina? Na ce a banɗaki. Ta cire tabarau ta dube ni, na ce saboda baƙi. Ta ce na nuna mata inda nake sokawa, ta taɓa wurin a cinyata, ya yi tauri ya dunƙule. Shekara talatin wuri ɗaya nake soka, saboda ko a gidan wankan jama'a ba a ganinsa. Ta ce wannan naman ya gaji, rabin maganin a nan yake kwana. In koma ciki da ɗaya cinyar, in riƙa sauya wuri, in yi allurar kafin na ci, in san yawan burodin da nake ci. Ta rage mini maganin kaɗan, domin sabon nama yana saurin sha. Ta ce kada sukari ya rabu da aljihuna, don ranar da sugan ya faɗi.

Sai ta ce, "Shayi fa?"

Milud ya sunkuyar da kai. Na ce kamar kowa.

"Ke ba kamar kowa ba ce. Ki sha shayinki, amma ba sukari."

Akwai tambayar da na taho da ita tun daga gida. Ban yi ta ba, ita ma ba ta taɓo ba. A hanya Milud bai kunna rediyo ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan azahar

Na gaya wa Mmi bayan mun ci kuskus. Duk ta yarda: burodi, allura, gwaji. Da na zo kan shayi sai ta ajiye gudumar.

"To ta yaya? Sukari a buta yake shiga, ba a kofi ba. In bai tafasa da ganyen ba ai ba shayi ba ne, ruwan wanki ne."

Na ce a yi mini a wata butar daban.

"A gidana ba a raba buta. 'Yata tana shan abin da kowa ke sha."

"Gidana ne, Mmi."

"Duk inda nake zuba shayi gidana ne, binti. Ki zauna gaban mata da butarki ke kaɗai, kafin magariba labari ya kai bakin kogi. Ni na aurar da ke ba wanda ya ɗaga miki gira. Yanzu wata mai tabarau da ta gan ki sau ɗaya za ta koya mini rainonki?"

Akwai ƙaramar buta a gidan nan, tana kan kanta, a cikinta nake tara maɓallan da na gama. Marigayi Baba ne ya sayo ta satin da aka gano ciwon, don likitan wancan lokacin ma abin da ya ce ke nan. Ba ta taɓa hawa wuta ba. Mmi ta ɗora ta kan kabad, da zan yi aure ta ba ni ta ce in zuba allurai. Ban tuna mata ba.

Asabar, 11 ga Janairu, da safe

Na sha.

Lahadi, 12 ga Janairu, bayan la'asar

Yau ma na sha. Kofi biyu, don 'yan'uwan Milud mata sun zo. Babbar ta ce mugun ido ne, tun da cikina ya fara fitowa ta ga yadda ake kallona. Mmi ta yi caraf ta ce wallahi ita ma haka ta ce. Na'urar gwaji ta nuna abin da ba zan rubuta ba.

Ban shiga ɗakin ba.

Talata, 14 ga Janairu, da hantsi

Milud ya sayo ma'auni irin na masu sayar da kayan yaji, ya ajiye kusa da kwandon burodi. Mmi ta zagaya shi tana kallo.

Ta ce, "Si Milud, yanzu a gidanka awon abinci ake yi wa mace? Gobe kuma numfashi za a auna?"

Halti yake ce mata, wato inna. Ya ce, "Halti, in likita ta ce a auna, zan nemo na numfashin ma."

Na yanki burodina na ɗora. Ashe abin da nake ci da safe kaɗai ya ishi mutum biyu. Na ɗage riga na yi allurar a ciki, a zaune, a gaban tire, karo na farko a rayuwata. Mmi ta tashi da sauri ta rufe taga, alhali tagar bango take kallo.

Na zuba ruwan zafi a kofi na jefa na'ana'a. Milud ya ce a ba shi irin nawa. Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya ce yana da daɗi. Shekara tara da aurenmu, har yau bai iya ƙarya ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, kafin azahar

Hannuwana suka kama rawa, gumi ya tsattsafo, zuciya tana bugawa. Na san wannan tun ina yarinya, haka yake farawa in sugan zai faɗi. Kafin na ce uffan Mmi ta iso da kofi, ta riga ta gani a fuskata. Ba wanda ya iya karanta fuskata kamarta.

Na ce ta dakata in gwada. Na'urar ta ce lafiya lau, daidai inda likita take so. Dama ta faɗa mini: jikin da ya saba zama a sama, in ya sauko daidai sai ya yi ta kururuwar ƙarya, har ya saba.

Mmi ta ce, "Wannan 'yar kwalin ce ta haife ki ko ni? Kin yi fari kamar alli. Sha."

Na zauna a kan hannuwana. Ta tsaya da kofin har ya huce. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, irin tsoron nan da ke cewa kurɓa ɗaya kawai. Daga baya rawar ta wuce da kanta.

Asabar, 18 ga Janairu, da yamma

Ban sha ba. Mmi ba ta yi mini magana tun safe.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan la'asar

In baƙi suka zo ba ni da bakin cewa a'a. Kofi daga hannun uwa, a gaban mutane, wa ke mayarwa? Sai in karɓa in riƙe, in kai baki in sauke, in hankali ya tafi wani wuri in juye a tukunyar ɗoɗɗoya da ke bayana. Yau Mmi ta ɗaga tukunyar za ta share, ta tarar kiyashi sun yi gari a ƙarƙashinta. Ta dube su, ta dube ni.

Ta ce, "Ko ba komai wani ya san darajar shayina."

Na yi dariya, ita ma ta kusa. Sai kuma na tuna ban yi dariya ba tun kafin asibiti, na hau sama na rufe ƙofa.

Laraba, 22 ga Janairu, da safe

Na farka ba ƙishirwa. Na daɗe a kwance ina taɓa cikin bakina da harshe. Tun da na yi wayo da busasshen maƙogwaro nake tashi, na ɗauka haka kowa yake, na ɗauka shi ne ake ce wa safiya. Na tambayi Milud ko shi kullum haka yake tashi. Ya ce haka wane? Bai ma gane tambayar ba.

Na koma aiki. Na ƙulla maɓallai masu ruwan zuma na wata jallabiyar amarya, ban ji nauyin nan da ke sauko mini a ido da rana ba. Ya kamata in yi murna. Abin da ya zo mini shi ne: ashe ana iyawa. Ashe bara ma ana iyawa.

Ban shiga ɗakin ba. Na tsaya a ƙofar, na ji ƙamshin sabon ulu.

Lahadi, 26 ga Janairu, da hantsi

Jiya ban iya rubutu ba.

Mmi ta ce kwanakin zaman gida sun cika, sai gidan wanka. Na yi allura a sabon wuri, na ci abincina a aune, muka tafi. Ban san zafi yana sa magani gudu a jiki ba. Sukarin kuma yana aljihun jallabiya, jallabiyar tana waje a rataye.

Ina tuna ina zaune a ɗakin zafi Mmi tana cuɗa mini baya. Leɓena ya yi nauyi. Na ce a raina kururuwar ƙaryar nan ce, zan jure. Na tuna ina kallon bokiti na rasa sunansa. Daga nan sai na ga kaina a ɗakin sanyi, a kan tabarma, bakina cike da lemon zaƙi, wata mata tana matsa wani a kofi, Mmi tana tallafe da kaina, gashinta a buɗe, tana kiran sunana irin kiran da ban ji ba tun ina ƙarama. Mata sun kewaye mu.

Wata ta ce, "Me ya same ta?"

Mmi ba ta ko ɗago ba ta ce, "Zafi ne ya buge ta. Ba ta gama murmurewa ba."

Wata ta ce gidan wanka ba ya rasa mutanen ɓoye, mai ɗanyen jiki ba ta shiga ba tare da ta watsa gishiri ba. Mmi ta ce gaskiya ne, mantawa ta yi.

Hannunta yana riƙe da ƙeyata. Ina jin tsoronta, ina jin ƙaryar, duka biyun.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan azahar

Ta ɓoye ma'aunin. Na ce ta fito da shi.

Ta ce, "An gama wannan wasan. Shekara talatin a hannuna sau ɗaya kika faɗi. Mako biyu a hannun waccan, na kusa ɗauko ki a makara."

Na ce, "Shekara talatin ban faɗi ba saboda kullum ina can sama, Mmi. Kin san abin da ke can saman?"

"Na san kina raye."

"Kin fi so a ce aljanu ne suka taɓa ni da a ce suga gare ni."

"Na fi so! Aljani yana fita, binti. Wannan in ya shiga bakin mutane ba ya fita. Ke ba ki ji abin da gwaggwanninki suka ce ba kina shekara bakwai. Ni na ji. Sun ce in rungumi abata, ba mai ɗauka. Kuma ba ke kika ɗauko yarinya daga makaranta a kafaɗa ba, kanta yana lilo, kina gudu a layi kina roƙon ko wa ke da sukari. Ni ce. Na rantse ranar ba zan sake ganin haka ba, shekaranjiya kin sa na gani."

Maganar da ke bakina ta zo har haƙora. Da na faɗe ta, da babu abin da zai sake gyaruwa tsakaninmu. Na haɗiye. Na je na ɗauko ma'aunin a cikin buhun gari, inda take ɓoye komai tun muna yara.

Talata, 28 ga Janairu, da safe

Ban sha ba. Amma na ci burodi fiye da awo, da gangan, don ina tsoro.

Alhamis, 30 ga Janairu, da yamma

Mmi ta ce sai ta bi mu Fas ta ga matar nan da idonta. Ta sa farar jallabiyarta ta zuwa biki, ta zauna gaba kusa da Milud, tana ta haɗa abin da za ta faɗa. Ta faɗa kuwa, ba ta rage ba. Likita Sakina ta saurara har ƙarshe. Ta ce zancen gidan wanka da ta gaya mini tun farko, wannan nata ne. Ta sake rage maganin, ta ce ranar wanka in gwada kafin na shiga, in shiga da sukari a cikin bokiti, kuma rawar jiki ba a yi mata gardama sai an gwada.

Sai ta juya ga Mmi. "Hajja, faɗuwar da kika gani abin tsoro ce, kuma ke kika cece ta. Amma akwai ɓarnar da ba ta da ƙara. Ba ta kayar da mutum a gaban jama'a, a hankali take ci, a ido, a ƙoda, a duk abin da jiki yake ɗauke da shi."

Mmi ta kawar da fuska. Na ɗauka fushi ne. Sai na ji ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba:

"Shayina ne?"

Tambayata ce. Ita na taho da ita ranar farko na koma da ita.

Likita ta ce, "Ba wanda zai rantse miki cewa shi ne. Yana faruwa ga matan da ba su da komai. Ba kuma zan rantse miki cewa sugan ba shi da hannu ba. Abin da ya wuce ban da iko da shi, Hajja. Na gaba ne muke da ɗan iko da shi, ni da ita da ke."

Har muka iso Safru Mmi tana kallon itatuwan zaitun.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ba a dafa shayi a gidan nan ba tun ranar Alhamis. Tiren yana jingine da bango, gudumar tana cikin aljihun tebur. Milud yana sha a tasha kafin ya dawo. Baƙuwa ta zo jiya, Mmi ta ba ta lemon zaƙi, matar ta fita tana waiwaye.

Na yi zaton abin da nake so ke nan. Ba shi ba ne. La'asar tana yi sai Mmi ta zauna a wurinta da hannuwa a cinya, ba ta san me za ta yi da su ba. Na ce, "Mmi, ki dafa naku mana." Ta ce ba ta jin sha.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

An yi guɗa a gidan Butaina.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan magariba

Mace ce, lafiya lau, ita da uwar. Ƙamshin kaza da hulɓa da ake dafa wa mai jego ya cika layi, ya shigo har ɗakinmu. Na rufe taga, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ina goge takalman Milud na masallaci na ga jar ƙasa a ƙasansu. Babu jar ƙasa tsakanin gidanmu da masallaci. Wuri ɗaya na sani, maƙabartar da ke gangaren bayan gari. Shi ya sa yake makara kowace Juma'a. Na kai masa takalmin na nuna, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Na dasa ɗan icce a wurin. Ina kai masa ruwa."

Na ce, "Ba ka gaya mini ba."

"Ke ma ba ki gaya mini kina tsayawa a ƙofar can ba."

Muka zauna. Can ya ce, "Gizlan, in wannan abin zai kayar da ke, a bar shi. Ni ke na aura."

Na ce ba don shi kaɗai nake yi ba, ba ma don abin da muke jira kaɗai ba. Na gaya masa ina so in ci gaba da tashi ba ƙishirwa. Wannan karon ya gane.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da safe

Gobe suna. Butaina ta aiko cewa in ban iya ba, ba komai, ta sani. In na je, za a miƙo kofi, kuma a can ba ni da tukunyar ɗoɗɗoya. In ban je ba, ban san ranar da zan sake hawa soro mu zauna ba.

Kwana biyar ke nan na'urar ba ta ba ni kunya ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da hantsi

Na shiga ɗakin.

Na ce bari in nemo abin da zan kai. Komai yana inda na bar shi. Bargon ulu, da 'yar jallabiyar nan da na ɗinka, mai maɓallai ƙanana waɗanda suka kusa cinye mini ido. Na ɗauko ta, na ce ta yi daidai da 'yar Butaina. Na riƙe ta na daɗe. Na ninke ta na mayar cikin akwati. Ba rowa ba ce. Ban gama da ita ba tukuna.

Na sauko na ɗauki dunƙulen sukari ɗaya daga ƙarƙashin matakala. Wanda aka kawo don jaje zai tafi barka, takardar ɗaya ce.

Na tarar an juye mini maɓallaina a kwanon miya. Mmi ta riga ni fita, wai za ta taya su aiki.

Lahadi, bayan magariba

Ɗakin ya cika da mata, har waɗanda suka tsaya a kaina a gidan wanka. An yanka rago, an sa wa yarinyar Widad. Butaina ta gan ni ta fashe da kuka, na ce ta bari, kwallinta zai lalace kuma surukarta tana kallo.

Aka shigo da manyan tire. Kamar kullum aka ce Lalla Zuhur, wato Mmi, ce za ta zuba, don duk layin ba mai hannunta. Mmi ta zauna, ta wanke ganye, ta fasa sukari, ta jefa a babbar buta. Ni ina ta shirya yadda zan riƙe kofi har ya huce. Sai ta sa hannu cikin hular da ke rataye a bayan jallabiyarta ta fito da ƙaramar butar Baba. Ta goge ta har tana ɗaukar ido. Ta zuba ganye, ta zuba na'ana'a, ta zuba ruwa, ta ɗora ta a kan garwashi kusa da babbar. Ba ta taɓa gudumar ba.

Surukar Butaina ta ce, "Lalla Zuhur, wannan 'yar jaririyar butar fa? Ta Widad ce?"

Aka yi dariya. Mmi ta jira dariyar ta lafa.

Ta ce, "Ta Gizlan ce. Suga gare ta tun tana shekara bakwai, allura take yi kullum. Ranar wanka ma shi ne, ba zafi ba ne, ba kowa ba ne. Daga yau duk gidan da ta shiga, a cire mata nata kafin a jefa sukari. In kun ga ta yi fari tana rawa, wannan lokacin ne za ku ba ta mai zaƙi, da sauri. Kun ji ni?"

Ɗakin ya yi tsit. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Shekara talatin take tsoron wannan shirun, ni ma haka. Bai daɗe ba. Wata tsohuwa daga lungu ta ce mijinta ma yana da shi, amma shi ɓarawo ne, a ɓoye yake sha. Butaina ta ce, "Shekara nawa ina ɗura miki, muguwa, ba ki faɗa ba?" Aka ci gaba da surutu. Na ga biyu suna raɗa, na san labarin zai kai bakin kogi kafin magariba. Ya kai.

Mmi ta ɗaga ƙaramar butar sama ta zuba, ya yi kumfa kamar na kowa. Kofi biyu ta cika. Ta miƙo mini ɗaya, ta ɗauki ɗayan ta kurɓa. Fuskarta ta yamutse fiye da ta Milud.

Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Haka yake?"

Na ce haka yake, ana sabawa.

Ta ce, "To." Ta shanye har ƙasa.

Daga baya Butaina ta ɗora mini Widad a hannu ba tare da ta tambaye ni ba. Tana da nauyi, tana da ɗumi. Hannuwana suka kama rawa, na ga Mmi ta zabura daga can gaban tire, hannunta ya tafi wurin sukari. Sai ta tsaya. Ta taso, ta buɗe jakata a gaban kowa, ta ciro na'urar, ta kama yatsana ta ce in nuna mata yadda ake yi.

Lafiya lau ne. Rawar ba ta suga ba ce. Mmi ta sake zuba mini daga ƙaramar butar.

Na sha.